Wa Ke da Gari? Tunani a kan Zangon Katab da Kewayensa

A kudancin Jihar Kaduna akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi Zangon Katab, waɗansu kuma suna rubuta shi Zangon Kataf. Sunan nan kalma biyu ne. Zango dai kowane Bahaushe ya san shi, wurin da ayari ke sauka ne, a sauke wa jakuna kaya, a dafa abinci, a kwana. Katab kuwa suna ne da Hausawa suka sa wa mutanen ƙasar, amma su suna ce da kansu Atyap, harshensu kuma Tyap. Ashe tun a cikin sunan garin an ambaci jama'a biyu, waɗanda suka sauka da waɗanda aka sauka a ƙasarsu.

Ga tambayar da muke so mu auna tare a wannan wata. Idan mutanen cikin gari iri ɗaya ne, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi kuma wani iri ne dabam, su ne kuma suka fi yawa, to, wa ke da garin? Yawan jama'a yana ba su ikon yin abin da suka ga dama da waɗanda ba su kai su yawa ba? Kada mai karatu ya ce wannan maganar mutanen Zangon Katab ce kaɗai. Garuruwa irin wannan suna da yawa a ƙasarmu, mai yiwuwa kuwa naku yana cikinsu.

Su wane ne ke zaune a can

Mu fara da sanin mutanen. Cikin garin Zango kansa yawancin mazauna Hausawa ne Musulmi, zuriyar fatake da masu sana'a waɗanda suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa da shekaru masu yawa. Da ka fita bayan gari ka shiga ƙauyukan Atyap, manoma ne, suna shuka dawa da masara da doya da acca da citta, a yau kuma mafi yawansu Kirista ne. A tsakanin ƙauyuka akwai rugagen Fulani da shanunsu, waɗansunsu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu.

Idan muka faɗaɗa ido zuwa ƙaramar hukumar da ta ci sunan garin, sai mu tarar da waɗansu kabilu kuma. Akwai Bajju waɗanda Hausawa ke kira Kaje, akwai Ikulu, akwai Anghan waɗanda ake kira Kamantan. Hedkwatar ƙaramar hukumar ma ba a Zango take ba, tana Zonkwa ne, cikin ƙasar Bajju. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 300,000 a cikin ƙaramar hukumar duka. Kowace kabila da harshenta, amma in an gamu a kasuwa ko a asibiti, har ma a cikin sujada a wurare da yawa, da Hausa ake magana. Wato harshen 'yan kaɗan ɗin da ke cikin gari shi ne ya zama igiyar da ta ɗaure masu yawa da junansu.

Yadda abin ya faro

Tun kafin Turawa garin yana ƙarƙashin sarautar Zazzau, mutanen ƙauyuka kuma ba su manta da labarin hare-haren kamun bayi da karɓar gandu ba. Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20, suka bi hanyarsu ta yin mulki ta hannun sarakuna. Sai hakimin da Zazzau ta naɗa ya zauna a Zango, yana tara haraji daga ƙauyuka, alƙali yana yi wa mutane shari'a da dokar da ba tasu ba. Kasuwa tana cikin gari, kotu tana cikin gari, gidan hakimi yana cikin gari. Masu yawa suna noma suna biya, 'yan kaɗan suna riƙe da alƙalami da sanda. Har wa yau Atyap suna kuka a kan gonakin da ke gefen gari, suna cewa na kakanninsu ne aka ƙwace a zamanin nan, Hausawa kuwa suna cewa gādo ne suka tarar a hannun iyayensu. Sai a 1967 ne aka naɗa ɗan Atyap na fari ya zama hakimin Zangon Katab, wato Bala Ade Dauke.

Da aka fara zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi, sai ma'auni ya juya, gama a wurin zaɓe kai ake ƙirgawa. A farkon 1992 ƙaramar hukuma, wadda shugabanta ɗan Atyap ne, ta ce za a ta da kasuwa daga tsakiyar gari a kai ta wani fili. Masu goyon baya suka ce tsohuwar ta yi ƙunci, kuma ba a barin mutanen ƙauye su sayar da abin da suke so a cikinta. Hausawa suka ga so ake a raba su da abin da suke ci da shi. Ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu 1992, faɗa ya tashi, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin ƙura ta lafa, a tsakiyar watan Mayu wuta ta sāke tashi fiye da ta fari. Aka rushe yawancin garin Zango, aka kashe Hausawa masu yawa. Da labari ya kai Kaduna da Zariya, sai aka fāɗa wa Kirista a can da sunan ramuwa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ɗaruruwan mutane suka mutu. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da waɗansu 'yan Atyap hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnati ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar. A 1995 aka ba Atyap masarautarsu, Bala Ade Dauke ya zama Agwatyap na fari.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Maganar inda za a kasa tumatir da doya ce ta jawo wannan duka. Amma a ƙarƙashin maganar kasuwa akwai tambayar nan tamu: wa ke da gari?

Abin da ƙidaya ke iya faɗa

Sau da yawa in gardama irin wannan ta tashi, sai ka ji wani ya ce, a ƙirga mu mana a gani. Yana da kyau mu san tarihin ƙirgar nan. A zamanin Turawa ana ƙirga kawunan maza domin haraji, ana ƙirga shanu domin jangali, saboda haka mutane suka koyi ɓuya, mai gida ya ɓoye samarinsa, Bafulatani ya kora shanunsa daji. Bayan samun mulkin kai, da aka gane yawan mutane shi ke kawo kujerun majalisa da rabon kuɗi, sai hali ya juya, kowa yana so a ce nasa sun fi yawa. Aka soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sāke a 1963, aka ce mutanen Nijeriya sun haura miliyan 55. Ta 1973 ita ma aka soke ta. A ƙidayar 1991 da ta 2006 gwamnati ta ƙi tambayar kowa kabilarsa ko addininsa, don gudun fitina. Ta 2006 ta ce mutanen Nijeriya sun ɗan haura miliyan 140, na Jihar Kaduna kuma sun ɗan haura miliyan 6, amma ba ta ce Atyap kaza ne, Hausawa kaza ne ba. Don haka duk wanda ya tsaya a gabanku ya ce kabilarsa kashi kaza ce cikin ɗari a gundumar nan, ku tambaye shi inda ya samo lissafinsa.

Ƙidaya kanta ba mugun abu ba ce. Wanda zai gina makaranta dole ya san yara nawa ne, mai rabon takin zamani dole ya san manoma nawa ne, mai allurar rigakafi ba ya fita sai ya san yawan jarirai. Uwa ma takan ƙirga bakuna kafin ta auna tsaba. Amma akwai wata irin ƙirga dabam. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun tuna da Sarki Dawuda sa'ad da ya aiki Yowab ya zaga ƙasa ya ƙidaya jama'a. Abin da aka kawo masa lissafin mazaje ne masu iya zare takobi, ƙarshen abin kuwa annoba ce. Sai kowa ya tambayi zuciyarsa: sa'ad da nake cewa mun fi su yawa, bakunan da za a ciyar nake ƙirgawa, ko hannuwan da za su ɗauki makami?

Akwai kuma mutanen da lissafin kabila ba ya iya kamawa. Ina za a sa Bahaushe Kirista, irin na Wusasa da na ƙauyukan Kano da Katsina, idan ya zo aiki Zonkwa? A wurin masu duban harshe, shi na wancan gefe ne. A wurin masu duban addini, shi na wannan gefe ne. Ina za a sa ɗan Atyap da ya musulunta, ko yaron da ubansa Bahaushe ne uwarsa kuwa 'yar ƙauye? A ranar fitina su ne sukan rasa wurin gudu, gama kowane gefe yana yi musu kallon na wancan.

Kowa mai yawa ne, kowa kuma kaɗan ne

Ga abin da ya fi muhimmanci a cikin maganar nan. Yawa da ƙaranci sun dogara ne ga inda ka ja iyaka. Ja iyaka kewaye da garin Zango, Hausawa ne masu yawa, ɗan Atyap da ya shigo da doyarsa shi kaɗai ne. Faɗaɗa iyakar ta kama ƙauyuka, sai Hausawa su zama kamar tsibiri a tsakiyar ruwa. Faɗaɗa ta kuma ta kama Jihar Kaduna duka, sai Atyap su koma ƙaramar kabila a gaban Hausawa da Fulani na arewacin jihar. Mutum ɗaya, bai gusa daga ƙofar gidansa ba, ya zama mai rinjaye, ya zama marar rinjaye, bisa ga taswirar da aka shimfiɗa.

Abin da ke ɓata zaman garuruwa irin wannan shi ne, kowa yana jin tsoro irin na marar rinjaye, amma yana aikatawa da ƙarfin mai rinjaye. Ɗan ƙauye yana duban jiha duka, yana tuna da abin da aka yi wa kakanninsa, yana cewa za a haɗiye mu. Da wannan tsoro yake fāɗa wa maƙwabcin da ke gabansa, wanda a gundumar nan shi ne marar ƙarfi. Ɗan cikin gari yana duban ƙauyukan da suka kewaye shi, yana cewa za a kore mu, sai ya jingina ga ƙarfin 'yan'uwansa na nesa, waɗanda a garuruwansu su ne masu yawa. Haka aka yi a 1992. Haka kuma aka yi bayan zaɓen 2011, sa'ad da aka ƙone majami'u aka kashe Kirista a garuruwan arewa, aka kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewaye. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya ce a nan yawa shi ne gaskiya, ya sani ya sa hannu a kan hukuncin ɗan'uwansa da ke zaune a inda yawan na waɗansu ne.

Abin da yawa ke bayarwa, da abin da ba ya bayarwa

Kada a ce mun raina yawa. Ai an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ba daidai ba ne 'yan kaɗan su mallaki masu yawa ba da yardarsu ba, kamar yadda aka yi wa Atyap shekara da shekaru. Daidai ne masu yawa su zaɓi shugaban da suke so, daidai ne kabila ta sami sarkinta, ta riƙe harshenta da al'adunta, a kuma saurari kukanta a kan gonakin kakanni a gaban shari'a mai adalci. Wanda ya hana wannan ya shuka fitina.

Amma akwai abubuwan da ba a jefa ƙuri'a a kansu. Ran mutum yana cikinsu, da gidan da ya gina, da wurin da yake yin sujada, da rumfarsa a kasuwa, da kabarin ubansa. Ko da mutum dubu sun taru sun ɗaga hannu a kan gidan mutum ɗaya, gidan nasa ne har yanzu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma ya faɗi haka: sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda kabila ko addini ko wurin asali, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida da fili ko'ina a ƙasar. Duk da haka takardar shaidar ɗan asali, wadda ƙananan hukumomi ke bayarwa, ita ce mabuɗin makaranta da aikin gwamnati, a kanta kuwa ake yawan kuka. Hausawan da ke zaune cikin kabilun kudancin Kaduna da Filato suna kukan ana hana su ita. Kirista da ke zaune a biranen can arewa suna kukan ana hana su ita, ana kuma hana su filin gina majami'a. Kukan iri ɗaya ne, masu yinsa ne kawai ba sa jin na juna.

Ana cewa baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi sai ya tashi. Gaskiya ne ga wanda ya kwana biyu. Amma mutumin da aka binne kakan kakansa a wuri, wanda bai san wani gida ba sai wannan, in an ce ya koma garinsu, ina za shi? Mu tuna da Ibrahim sa'ad da Saratu ta rasu a Hebron. Shi baƙo ne a tsakiyar Hittiyawa, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasar. Masu ƙasa suka karɓe shi da girmamawa, shi kuma bai ƙwace ba, bai karɓi kyauta ba, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu ya sayi kogon Makfela. Mai ƙasa bai wulakanta baƙo ba, baƙo kuma bai raina hakkin mai ƙasa ba. Duka biyun ake bukata. Ɗan cikin gari ya kamata ya daina yi wa ɗan ƙauye kallon talakan kakansa, ya girmama sarautar ƙasar da yake zaune a ciki. Ɗan ƙauye kuma ya daina yi wa ɗan cikin gari kallon mai jiran ayari ya tashi.

Wata tambaya mai nauyi

Wani zai ce, maganarka tana da daɗin ji, amma ba ka ga ƙauyukan da aka ƙone ba? Gaskiya ne, tsakanin 2020 da 2023 an sha kai hari ƙauyukan Atyap da dare, an kashe mata da yara, an bar gonaki ba girbi. Ba za mu ce wa wanda ya binne 'ya'yansa ya yi shiru ba. Neman adalci wajibi ne, kuma hakkin gwamnati ne ta tsare rayuka, ta kama masu laifi ta hukunta su. Amma mai laifi yana da suna. Wanda ya ƙone gida mutum ne, ko mutane, ba kabila ce duka ba. Idan aka rama a kan makiyayin da ya zo sayar da nono, ko mai shagon da bai san kome ba, an ƙara gawa ɗaya, mai laifin kuwa yana can yana yawo.

Mu lura kuma da yadda muke ƙirga matattu. Kowane gefe yana riƙe da lissafin nasa, ya san sunayensu da ranakun, amma in an ambaci na wancan gefe sai ya ce an ƙara gishiri. Muddin muna da littafi biyu na matattu, kowa yana karanta nasa kaɗai, yaranmu za su tashi suna ganin su kaɗai aka zalunta. A watan Agusta 2020 Agwatyap Dominic Gambo Yahaya ya tara shugabannin Atyap da Hausawa da Fulani, suka yi alkawarin zaman lafiya. Alkawarin bai tsai da jini nan da nan ba, amma ya nuna hanya, gama sun zauna a matsayin mutanen ƙasa ɗaya, su uku duka.

Abin da ya kamace mu

To, wa ke da gari? Duk wanda zai kwana a cikinsa, ya tashi a cikinsa, a binne shi a cikinsa, yana da rabo a garin. Gari ba ya rayuwa sai da doya da dawar ƙauye, ƙauye yana bukatar mai saye da mai mota da tela da maƙeri, gona tana son takin shanu, shanu suna son harawar gona. Wanda ya fi yawa, nauyinsa ne ya fi yawa, gama amana ce aka ba shi, kamar yadda babban wa ke riƙe da gida domin ƙannensa.

Ya mai karatu, dubi naka garin. Idan ku ne masu yawa, ka tambaya ko marasa yawan da ke cikinku suna barci da ido biyu rufe. Idan kana cikin masu ba da takarda, ko masu raba rumfuna, ko masu ɗaukar aiki, ka auna wa baƙo da mudun da kake so a auna wa ɗanka da ke karatu ko aiki a wata jiha. Idan wani ya tashi a taron ekklesiya ko na kabila yana zuga jama'a da cewa mun fi su yawa, kada ka yi shiru don kunya. Idan rasuwa ta faru a wancan gefen gari, ka je gaisuwa, ka tafi da yaranka su gani. Idan kuwa ku ne marasa yawa, ku girmama masu ƙasa, ku biɗi hakkinku ta hanyar gaskiya, kada ku kira ƙarfin nesa a kan maƙwabcin kusa.

Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ta'azantar da dukan waɗanda suka yi rashi a Zangon Katab da kewayensa, na cikin gari da na ƙauye da na ruga, ya kuma koya mana zama da juna. Amin.